Laimar Kwaɗi a Gindin Randa

Shekara 19 na yi ina jan babbar mota, kuma duk wanda ya taɓa wannan sana'a ya san idon direba ba ya zama kusa. Can nesa kake kallo: kwanar da ke tafe, fitilar da ta ɓullo, ramin da za ka kauce wa tun yana ɗan baƙi-baƙi a kan kwalta. Abin da ke gindin ƙafarka ba ruwanka da shi. Na fara da wannan ne don a san ko wane ne mutumin da yanzu ake iskewa rub da ciki a bayan gari, hancinsa dab da kashin shanu, yana ɗaukar hoton abin da bai kai kan ashana ba.

A wani ƙauye kusa da Yelwan Yauri aka haife ni. Ni ne ɗan fari, don haka har yau Inna ba ta kama sunana, sai dai ta ce "kai wannan". Babanmu noman albasa yake yi a bakin kogi da rani, gero da dawa da damina. Da ƙyar na gama firamare tasha ta janye ni. Na yi yaron mota har hannuna ya faɗa, aka ba ni sitiyari. Mu yi lodin albasa a Aliero ko nan Yauri, mu bi Kontagora da Mokwa, mu haye gadar Jebba, mu ratsa Ilori da Badun, sai kasuwar Mil 12 a Legas. Albasa ba ta san haƙuri ba. In ta daɗe cikin buhu a zafi ruɓa take yi, mai kaya kuma yana kan waya kamar ya biyo ka da ƙafa. Da farko goro da shayi mai kauri ne ke riƙe mini ido. Daga baya wani ya miƙo mini taramol a wata tasha, na karɓa. Ban taɓa ɗaukar kaina ɗan ƙwaya ba. A wurina ɗan ƙwaya shi ne mai layi a titi, ni kuwa ina salla, ina ciyar da iyali, magani kawai nake sha don aiki. Haka mutum ke yi wa kansa fatawa.

A watan Fabrairun 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha ta Badun, daga bisani masu fataucin abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu. Motoci suka yi kwanaki a ajiye, albasa na jibge. Da aka janye yajin a farkon Maris, sai kowa ya zabura kamar an buɗe wa tumaki garke. Na yi sawu ɗaya na dawo, ko kwana ban yi a gida ba na sake lodi.

Yaron motata ɗan maƙwabciyarmu ne, maraya, bai cika shekara 20 ba. Ranar da uwarsa ta kawo mini shi, kalma uku ta faɗa: "Ga amana nan." Daren da abin ya faru mun baro Kontagora da nisa, sai ya ce, "Oga, mu tsaya mana mu ɗan runtsa, idonka ya yi ja." Na ce in mun kai Mokwa. Ba mu kai ba. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Na dai farka cikin ƙura da warin gas da na albasa, ƙafata ta hagu a matse, ina kiran sunansa ba amsa.

Ina kwance a asibiti aka yi jana'izarsa. 'Yan'uwa suka so a kai ni Aliero wajen masu ɗori, garin da na sha ɗaukar kaya, amma karayar ta fasa fata kuma gwiwar ta dagargaje, sai aka sa ƙarfe. Ƙafar ta haɗe, gwiwar ce ta ƙi lanƙwasa. Ƙafar hagu ita ke taka kuloci. Likita bai ce mini na gama tuƙi ba, ni na faɗa wa kaina.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Tun ina asibiti wani ya ce birki ne ya tsinke, maganar ta bi gari, ni kuma na yi shiru. Masu zuwa dubiya su ce, "Ƙaddara ce, Direba, ba laifinka." In ce, "Haka ne." Har uwar yaron ta aiko mini da kunu. Na kasa sha, na kasa mayarwa, ya kwana a bakin gado ya yi tsami.

Aka dawo da ni gida cikin azumi. Jinyar ƙafa daban, ta rabuwa da ƙwaya daban, kuma ta biyun ta fi wuya. Gumi ya karyo mini ana tsakiyar dare, gaɓoɓi su riƙa ciwo kamar an yi mini duka, ga hamma ga hawaye ba dalili, barci kuwa ya ƙaurace. Na yi wa matata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta sayar da akuyoyinta biyu da keken ɗinkinta, ban ko ce mata sannu ba. In baƙo ya yi sallama sai in juya wa bango fuska. In kuma dole ta sa na zauna da mutane, kaina a ƙasa yake, don ban iya haɗa ido da kowa. Mutane suka ɗauka tawali'un mai jinya ne. Kunya ce.

Da damina ta kankama ɗaki ya ishe ni. Sai in ja jiki tun kafin kiran assalatu in fito tsakar gida, in jingina da bangon da randunanmu suke, don nan ne mai sanyi. Wata asuba, gari ya fara haske, idona a ƙasa kamar kullum, na ga wani abu tsaye a gindin randa, inda ruwa ke ɗiga kan wani ruɓaɓɓen guntun tabarma. Tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba. Ƙafarsa siririya kamar zaren ɗinki, fara sol, a samanta ga 'yar laima mai ruwan toka, an yi mata tattara a jere kamar bakin zanen da tela ya ɓata lokaci a kai. Don tsabar rashin kauri, haske na ratsa ta. Na san laimar kwaɗi tun ina yaro, shurinta muke yi da ƙafa a hanyar gona, Inna na cewa kar mu taɓa, guba ce. Amma ban taɓa tsayawa na dubi ɗaya ba. Ran nan na dube ta har rana ta fito. Sai daga baya na lura, tunda aka yi hatsarin wannan ne karo na farko da na yi sa'a guda ban ji ƙarar faɗuwar motar a kunnena ba.

Da hantsi na ce wa matata ta zo ta ga wani abu. Kafin ta sauke tukunya ta iso, laimar ta yamushe ta kwanta, saura ɗan baƙin tabo. Ta dubi wurin, ta dube ni. "Baban yara, ko dai ka koma shan abin nan ne?" Ashe ta sani tuntuni. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, don a ranar ina da wata uku ban kai ƙwaya bakina ba. Na rantse, ta ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa mara lafiya.

Abin da ya kai ni ɗaukar hoto ke nan. Ba sha'awa ba ce, shaida nake nema.

Washegari biyu suka fito. Na ɗauka da wayata, hoton ya fito dishi-dishi kamar an shafa masa man kaɗe. In na matso ya ɓaci, in na ja baya abin ya ɓace cikin ƙasa. Na yi kwanaki ina fama. Ƙanin matata, malamin bayoloji ne a wata sakandare, shi ya kawo dabara. Ya je wurin mai gyaran rediyo aka ciro masa ɗan gilashin da ke cikin matacciyar na'urar DVD, bai fi ƙwayar wake ba, muka manna shi a idon kyamarar da salatif. Da na kara wayar a jikin laimar na dubi allo, sai da na yi salati. Ƙarƙashin hular nan ashe wasu zara-zaran shafuka ne jere reras, sun taso daga tsakiya kamar sifokin keke, ga raɓa ta maƙale a gefe kamar dutsen ado. Na kira matata. Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo, ta sunkuya ta dubi na ƙasan, ta sake duban allo. Ba ta ce komai ba, amma ran nan da dare ta zuba ruwa da gangan a gindin randar.

Surukin nawa ya zama malamina. Shi ya fahimtar da ni cewa wannan halitta ba tsiro ba ce, don ba ta da koren ganye kuma ba ta haɗa abincinta da hasken rana. Danginta su ne fumfunar da ke kama tuwon da ya kwana biyu, da yis ɗin da ke kumbura burodi, har da fumfunar da aka gano maganin fenisilin daga gare ta a 1928. Wai a wajen masana ta ma fi kusa da dabbobi a kan itatuwa, abin da har yau in na faɗa a tasha dariya ake yi mini. Ainihin jikinta wasu fararen zarurruka ne da ke saƙe cikin ƙasa ko cikin mataccen ice, suna cin ruɓaɓɓen abu a ɓoye. Laimar da muke gani 'ya'ya ce kawai, kamar mangwaro a jikin bishiya, tana fitowa ne ta saki irinta, wata ƙura da ido ba ya gani, ta gama ta mutu. Ya koya mini in cire hula in kifa a kan takarda in rufe da kofi ta kwana. Da safe sai ka iske ƙurar ta zana hoton shafukan nan tsaf, wata baƙa, wata fara, wata ruwan ƙasa, kuma launin na cikin abin da ake rarrabe su da shi. Ya ce irin waɗannan halittu da aka yi wa suna sun kai kusan 150,000, amma ana kyautata zaton waɗanda ke duniya sun haura miliyan 2. Mu kuwa duk mun tattara su mun ce laimar kwaɗi, wadda ake ci mu ce naman kaza, shi ke nan.

Aikin yana da wuya fiye da yadda ake zato, kuma wuyar ce ta taimake ni. Da irin wannan gilashi, wurin da ke fita tas a hoto bai fi kaurin takarda ba. In bakin hula ya fito, ƙafa ta ɓace. Numfashinka kaɗai ya isa ya kaɗa abin, bugun zuciyarka ya isa ya girgiza waya. Hannuna kuwa a lokacin rawa yake yi. Na cika tsohuwar safa da gero na riƙa ɗora wayar a kai, na sa ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka. Na gane filashi ɓata hoto yake yi, yana wanke launin, gara hasken safiya ko na ranar da gari ya yi lumshi, sai in kara murfin gwangwanin madara ta ƙasa ya mayar da haske cikin shafukan. Nakan kafa tsinken ashana a gefe don mai kallo ya san girman abin. Cikin hoto 30 da ƙyar ka sami ɗaya na kirki. Kuma dole ka kwanta, kunci a ƙasa, don daga sama duk kamarsu ɗaya. Mai gwiwar da ba ta lanƙwasa ba ya iya tsuguno, amma kwanciya ba ta gagare shi ba. Tashin ne aiki.

Gindin randa ya yi mini kaɗan. Na koma bayan ɗaki inda ake jibge kara, daga nan turken awaki, daga nan na ɗauki sanduna na fita ƙofar gida, abin da na yi wata biyar ban yi ba. A jikin wani mataccen reshen mangwaro na sami wasu farare masu gashi-gashi kamar ƙananan mafitai. A kan busasshen ganye na sami wasu masu ƙafa baƙa kamar gashin wutsiyar doki, waɗanda in rana ta yi su ƙanƙance kamar sun mutu, in an yi ruwa su sake buɗewa. Bayan wata marka ta kwana biyu a Agusta, na iske gefen wani suri ya yi fari fat da ɗaruruwan 'yan ƙanana. Da na nuna wa Inna hoton sai ta ce, "Wanga ai shi kakarku ka sa wa miya." Surukina ya ce gara ce ke noma shi: tana tauna ciyawa da ice ta gina masa gado a cikin surin, shi ya narkar mata da abin da cikinta ba ya iya narkarwa, ita ta ci. A Zambiya akwai ɗan'uwansa, shi ma na suri, da hularsa kan kai faɗin mita guda. Duk da haka ban kai na surin nan baki ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya ci don ya ga hoto. Akwai masu kama da na ci sak waɗanda ke sa amai da gudawa, akwai masu lalata hanta su kashe mutum. Zancen wai in ƙwari sun ci to ba guba, ba gaskiya ba ne. Tsofaffin da suka san na ci da ido da hanci suna ta ƙarewa, ni kuwa ɗan kallo ne.

Shekarar ba ta daɗi ba ce a ƙasar Yauri. A watan Yuni aka sace ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, kowa a tsorace yake, ana ta zancen masu kai wa 'yan bindiga rahoto. To ka ga mutum kwance cikin ciyawa a bayan gari da waya a hannu. Wata safiya na ɗago kai na ga 'yan sa-kai uku tsaye a kaina. Suka karɓi wayar, suka yi ta shafa hotuna, laima, laima, laima. Ɗayansu ya ce, "Malam, ina abin yake?" Na nuna masa da tsinke. Ya durƙusa ya duba, ya miƙe ya ce wa sauran, "Ku ƙyale shi, hatsarin ya taɓa mai kai." Ban yi musu ba. Ban ga laifinsu ba kuma, amma daga ranar ba na wuce gonakin bakin gari, kuma sai na sanar. Daga nan yara suka laƙa mini Direban Kwaɗi. Liman ne ya ɗan rage mini nauyin abin, da ya ce a hadisi an ambaci wani ɗan'uwan naman kaza mai fitowa a ƙarƙashin ƙasa a sahara, aka ce yana cikin mannu, abincin nan da Allah ya saukar wa Bani Isra'ila. Ya ƙara da cewa duban halittar Allah ba hauka ba ne, in dai ba a bar salla ba.

Cikin yaran da ke bina akwai ƙanin marigayin, ɗan shekara 10. Na yi ta kauce masa. Shi kuwa ya fi kowa ido. Wata rana ya ƙwala mini kira daga wani tsohon makwancin shanu, "Baba, zo ka ga kwandon ƙwai!" Na dogara na isa. A kan busasshen kashin shanu ga wasu 'yan ƙoƙuna, kowanne bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, cikin kowanne ga 'yan ƙwai baƙaƙe a kwance kamar sheƙar tsuntsu. Daga baya na ji cewa irin yana cikin ƙwan ne, kuma ɗigon ruwan sama ne ke faɗawa cikin ƙoƙon ya cilla su waje, su maƙale a ciyawa, saniya ta ci, su sake fitowa a wani wurin. Na kwanta zan ɗauka, yaron ya riƙe mini murfin gwangwani yana juya shi a hankali har haske ya shiga. Ya ce, "Haka, Oga?" Muryar yayansa ce sak. Ban ɗauki hoton ba. Na kifa fuskata a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun daren Mokwa, yaron na tambaya ko ƙafar ce.

Kwana uku ina juya abin a raina. Na gaya wa matata tukuna, ta ce, "Je ka, ko me za ta yi maka ka cancanta." Bayan la'asar na yi sallama a gidan. Na zauna a ƙasa, na ce, "Yaya, birki bai tsinke ba. Barci na yi. Ya ce in tsaya na ƙi." Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta daina ba. Can ta ce, "Ya gaya mini kana shan ƙwaya, tun kafin tafiyar. Ya ce yana tsoro. Na ce ya yi haƙuri, da aikin muke ci." Ta ajiye faifan. "Tashi ka tafi, Direba. Allah ya yafe mu baki ɗaya."

Kada a ɗauka daga nan komai ya warware. Ta yi kusan shekara in na gaishe ta a hanya sai dai ta ɗaga hannu. Mai motar da na je na faɗa masa gaskiya ya daina amsa wayata, kuma yana da hujja. Wasu abokan tasha suka ce wauta na yi, abin da ya rufu na tone. Wasu kuma, biyu ko uku, suka same ni a gefe suna tambayar yadda na yi na rabu da ƙwayar. Abin da nake gaya musu shi ne su je asibiti a taimaka musu, kada su yi irin tawa ta ɗaki, don na sha wuyar da ba dole ba ce. Wanda kuma yaronsa ya ce masa ya tsaya, ya tsaya.

Yanzu ina tasha ina rubuta sunayen fasinja, abin da ake samu yana kai mu wata da ƙyar. Mun mayar da keken ɗinki, awakin dai tukuna. Wani tsohon abokin tuƙi ya sayo mini gilashin makro na gaske, wato na ɗaukar hoton ƙananan abubuwa, mai maƙalawa a waya, amma na DVD ɗin yana nan cikin kwalin ashana. Surukina na ɗora wasu hotunan a manhajar iNaturalist, wani lokaci masana daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba su faɗi sunan abin, sau da yawa kuma su tsaya a sunan dangi. Waɗannan sai mu bar su da sunan da yara suka raɗa musu.

Uwar ba ta taɓa hana yaron bina ba, ban kuma taɓa tambayarta dalili ba. Ya girma, ya fi ni iya saita haske. Kwanan baya ya ce mini in ya gama sakandare yana son in haɗa shi da wani direba ya yi yaron mota. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, na ce ya bari damina ta wuce mu yi magana. Jiya da yamma hadari ya haɗu a gabas, iska ta kaɗa, bai dai zubo ba. Na zazzage tsohon geron da ke cikin safar, ƙwari sun cinye shi, na zuba sabo.